Suruki a Ƙarƙashin Kwando

Shekara goma sha ɗaya na yi ina raba ƙwallo a ƙungiyar ƙwallon kwandon garinmu, Gidan Rumji, kuma yammaci ɗaya ne ya raba ni da ita. Har yau in zancen ya taso a bakin kasuwa sai a ce taurin kai ne ya ja mini. Ban musa ba. Ina da taurin kai, ko a gidanmu an san da haka. Amma mai ba da labari ya ba da shi daidai, shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna.

Ƙungiyarmu ba wata babba ba ce. Filin siminti ne a bayan kolej, ya tsage wuri biyu, kwando ɗaya ya ɗan sunkuya. A cikinmu akwai tela, akwai manoma biyu, akwai mai sayar da katin waya, ni kuma gyaran moto, wato babur, nake yi a rumfata da ke kan hanyar filin. Dukanmu gajeru ne. Allah bai ba mu tsawo ba, sai ya ba mu ƙafa. Wasanmu gudu ne: a ƙwace, a ruga, a zuba kafin abokan karawa su gama juyowa. Ni ne kaftin, kuma duk ƙwallon da za ta tafi gaba ta hannuna take bi.

Dogo ɗaya ne gare mu, ni kuma na kawo shi. Bafulatani ne makiyayi, rugarsu na can arewa da gari. A kasuwar shanu na fara ganinsa. Wani bijimi ya ɓalle ya nufi masu hatsi, mutane na ta ihu, shi kuwa ko gudu bai yi ba. Ya duƙa ya ɗauki hoge, ya lailaya shi sama da hannu ɗaya, hogen ya yi baka ya sauka daidai gaban hancin bijimin. Dabbar ta ja birki ta juyo. Na bi shi na tambaye shi ko dace ya yi. Ya ce a'a, haka ake juya saniya, gabanta ake jefawa, ba a jifan jikinta. Da hira ta yi nisa na gane ya taɓa zaman kolej shekara biyu, har ya taɓa ƙwallon kwando, kafin mahaifinsa ya mai da shi kiwo. Ban bar shi ya huta ba sai da ya zo fili.

Siriri ne kamar sandar kiwonsa, iska mai ƙarfi ma tana iya gusar da shi. Amma in ya tsaya can nesa, bayan layin maki uku, ya fuskanci kwando, to sai dai ka je ka ɗauko ƙwallon a ƙarƙashin raga. Tsohon kocinmu ya ga haka ya bar shi a can, muka yi shekara biyu muna jin daɗinmu.

Da gwiwa ta kayar da tsohon, kwamitin ƙungiya ya kawo mana sabon koci daga Maradi. Matashi ne mai tsabta, ya yi kwas a Yamai, yana yawo da ƙaramin allo da alƙalamin da ake gogewa. Zan faɗi gaskiya a kansa ko da ba na sonsa: ya san ƙwallo. Bai taɓa makara ba, bai taɓa zagin uban kowa ba. Tsarin da ya zo da shi ma ba banza ba ne. A daina gudu, a tako da ƙwallo a hankali, a jefa ta ga babban mutum da ke tsaye gindin kwando, wanda suke kira fibo. Shi fibon zai ba kwando baya, ya manna bayansa a cikin mai tsaronsa, ya yi ta tura shi da ƙugu har ya sami wurin juyawa ya zuba. Tsari ne mai kyau ga ƙungiyar da ke da ƙato mai faɗin ƙirji. Mu ba mu da shi.

Ranar farko ya jera mu, ya bi mu da ido, ya tsaya a kan dogo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ga fibona." Ko jifa ɗaya bai ce ya yi ya gani ba. Tsawo kawai ya gani.

Wasa biyar muka yi a jere ana cin mu. Ba ma cin da ake yi mana ne ya fi ƙona mini rai ba, yadda muka koma ne. Mu da muke tashi kamar fara, sai ga mu muna takawa ɗaya-ɗaya, muna jiran dogo ya kafa ƙafa. In na jefa masa, kafin ya riƙe an ture shi, ko kuwa ya yi ta waige yana neman inda kwando yake. Tela, wanda babu mai kama shi a guje, ya koma mai tsayuwa a kusurwa yana kallo. Na taɓa tambayar dogo abin da ke hana shi. Ya ce, "Kaftin, ni ban saba ba abin da nake kiwo baya ba." Na kai wa koci wannan magana, na ƙara da cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ya ce tsari ba ya laifi, mutane ne ba su iya ba, kuma za su iya.

Bayan wasa na biyar ya tara mu a gefen fili. A gaban kowa ya ce wa dogo wasanmu mai zuwa da ƙungiyar garin Cadawa shi ne na ƙarshe da zai ba shi. In bai zuba ƙwallo daga gindin kwando ba, akwai wani fibo a Maradi da ke jiran kira.

Na san abin da korar nan take nufi gare shi fiye da yadda koci ya sani. Sau uku a mako yake barin shanu a hannun ɗan'uwansa ya tako da ƙafa daga ruga. Mutanensu sun daɗe suna yi masa dariya, wai magidanci da mata da ɗiya ya sa gajeren wando yana bin ƙwallo kamar ɗan lakol da aka taso daga aji. Abin da ya rufe musu baki shi ne an ce ya iya, har Hausawan gari na tafa masa. In aka kore shi, dariyar nan ce za ta tabbata, kuma ni na jawo shi cikinta.

Saura kwana biyu a yi wasan, dogo ya zo rumfata da hantsi. Ya zauna bisa tsohuwar taya, ya gaishe ni. Na kwance kabureta na wanke na mayar, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Wanda ya zauna da Fulani ya san ba a yi musu gaggawa. Can ya ce, "Kaftin, wa ke tsayawa gindin kwando wurin mutanen Cadawa?"

Na ce, "Malamin lakol ɗin nan na, mai faɗin kafaɗa. Ka san shi?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Esam ne."

Ban san kalmar ba sai da ya fassara mini. Surukinsa ne. Wan matarsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da yake mahaifinsu ya rasu, shi ya tsaya a matsayin uba ya ba shi ita. A wurinsu wannan ba abokin wasa ba ne kamar ƙanen mata. Ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. In sun haɗu a hanya, takalmi yake cirewa ya durƙusa daga nesa. Wannan mutumin ne koci yake so ya manna wa baya, yana sanye da gajeren wando, ya yi ta tura shi da ƙugu a gaban gari.

Dariya ta kuɓuce mini, wallahi, har sai da na riƙe ciki. Da na ɗaga kai na ga fuskarsa, sai kunya ta kama ni. Mutumin nan bai yi barci ba, kana gani a idonsa. Na ce ya tafi gida, ni zan yi magana.

Da la'asar na sami koci kafin sauran su zo, yana zane a allonsa. Na gaishe shi da ladabi, don na yi niyyar in bi a hankali. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya yi murmushi.

Ya ce, "Kaftin, a hili babu suruki. In ya shigo hili ɗan wasa ne, in ya hita ya je ya durƙusa mishi."

Na ce, "Koci, wanga ba abin da aka cirewa a rataye ba na. Ka hidda shi waje wasa guda ɗai, ka ga hannunshi."

"In na canza tsari saboda surukin wani, gobe wani zai ce maƙwabcinshi ne. Ƙungiya ba ta tahiya haka."

"To ai ba mu tahiya ko yanzu. Biyar anka ci mu."

Murmushin ya ɓace. Ya ce, "Kai kaftin ne ko koci?" Na ce kaftin. Ya ce to in tsaya inda aka ajiye ni.

Ranar wasa fili ya cika, har bisa katangar kolej an hau. Mutanen Cadawa suka sauko daga motarsu. Ina kallo dogo ya zame daga cikinmu, ya je nesa da su kaɗan ya durƙusa. Malamin ya kau da kai gefe ya amsa gaisuwar a hankali, shi ma bai dube shi ba. Babban mutum ne mai nutsuwa, ya girme mu duka.

Rabin farko na bi umarni. Ina so a rubuta wannan, domin masu cewa tun farko na zo da niyyar tawaye ƙarya suke yi. Na tako da ƙwallo a hankali, na jira dogo ya je gindin kwando, na jefa masa. Sai ya tsaya ya bar tazarar kamu guda tsakaninsa da surukinsa. In malamin ya matso, shi sai ya gusa gaba. Ƙwallo na zuwa hannunsa zai maido mini da ita kamar garwashi. Sau ɗaya ƙafarsa ta taɓa ta malamin, ya saki ƙwallon gaba ɗaya ya ja da baya. Wasu Fulani da suka zo kasuwa suka tsaya kallo, su sun gane abin da ke faruwa, suna ta rufe baki da rawani. Sauran jama'a kuwa ihu suke yi masa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an ba mu rata mai nisa.

A benci koci ya tsaya a kansa. "Tura shi! Mi kake jin tsoro? Tsawon banza gare ka?" Dogo ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Koci ya juya ya ce wa mataimakinsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, a kira Maradi bayan wasa. A nan raina ya gama ɓaci. Na ji zuciyata na tafasa.

Amma akwai abin da na lura da shi tun ana wasa, don aikin mai raba ƙwallo ke nan, ya ga abin da wasu ba su gani ba. Sau biyu dogo ya ɓata hanya ya fito waje, kuma sau biyun malamin bai biyo shi ba. Ya tsaya gindin kwando yana kallon wani wuri. Ashe kunyar ba ta gefe ɗaya ba ce. Yadda dogo ba zai iya tura shi da baya ba, haka shi ma ba zai iya fitowa ya manne wa mijin ƙanwarsa ƙirji da ƙirji yana kaɗa masa hannu a fuska ba. Koci na kallon allo, bai ga wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muna komawa fili na kama rigar dogo na ce, "Hito waje. Tsaya bayan layi, ka dubi kwando."

Ya ce, "Koci fa?"

Na ce, "Koci nawa na. Kai dai jehwa."

Na ruga da ƙwallo kamar zan shiga ciki, mutum biyu suka rufe ni, na cilla masa ta baya. Babu kowa kusa da shi. Ya ɗaga hannun nan nasa ɗaya, ƙwallo ta yi baka, ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Fili ya ɗauki sowa. Na ji muryar koci yana kiran muƙamina, na yi kamar kurma. Muka sake, ta sake shiga. Kocin Cadawa ya yi ta yi wa malamin tsawa ya fita ya tsare shi. Bawan Allah ya yi taku biyu ya tsaya, ya ɗaga hannu daga nesa kamar mai tsayar da mota. Ta uku ta shiga.

Suka canza, suka turo wani gajere ya tsare dogo. Ta saman kansa ya riƙa jefawa. Malamin kuma aka ce ya bi tela, ai kuwa tela ya yi ta yawo da shi har ya fara haki. Gindin kwando ya zama wayam, muka dawo da gudunmu na da. Rabona da jin daɗin ƙwallo irin na mintocin nan na manta.

Koci ya nemi a tsayar da wasa. Muka taru, ya dube ni ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Allon maki ya ba ni. Dube shi."

Na ɗaga murya, ban ɓoye ba, har na gefe sun ji. Ya nuna mini benci da yatsa, ya sa mai katin waya a madadina, ya ce masa a koma tsari. Na zauna ina huci. Mai katin waya ya tako da ƙwallo, ya dubi koci, ya dube ni, ya dubi dogo da ke tsaye bayan layi bai san inda zai nufa ba. Sai ya jefa masa a can. Daga nan babu wanda ya ƙara waiwayar benci. Da ƙyar muka ci, amma mun ci.

Jama'a na ta murna, koci ya tara mu a bayan aji. Fuskarsa babu fara'a. Ya ce dogo zai zauna, ba za a kira kowa daga Maradi ba. Sannan ya juyo kaina. Ya ce ƙungiya ba ta da koci biyu. Ko in tsaya gaban kowa in ce abin da na yi kuskure ne, ko in ajiye rigata.

Na ce, "Ɗaga muryar da niy yi, ka yi haƙuri, ban kyauta ba. Amma hidda shi waje ba kuskure ba na, kuma ba ni cewa kuskure na."

Ya ce duka yake so, ba rabi ba. Na cire rigar, jiƙe sharkaf da gumi, na ninke ta na ɗora masa bisa allonsa.

Ina juyawa na ga dogo ya kama wuyan tasa rigar zai cire. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce, "Kul! In ka cire ta, ni da kai har abada. Don mi niy yi wanga duka?" Ya tsaya da hannu a wuya, idonsa ya cika da ƙwalla. Tela ya kama hannun ya sauke masa.

Bayan kwana uku shugaban kwamiti ya zo rumfata. Dattijo ne daga tsofaffin gidajen garin Tibiri, abokin mahaifina, ba na iya haɗa ido da shi. Ya ce, "Ɗana, komi tsawon wuya kai na bisa. Tahi ka ba shi haƙuri. Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba na." Na ce, "Baba, ai ni na wadan, dubi tsawona." Ya yi dariya har da tari, amma bai sake ni ba. Na ce masa in na ce na yi kuskure, to na ce daidai ne a sa mutum ya zaɓa tsakanin surukinsa da rigarsa. Bakina ba zai iya faɗin haka ba. Ya ce halin ubana ne ya biyo ni, ya tashi ya tafi.

Ban koma ba, shi ma koci bai aiko ba. Mako biyu bayan nan tela ya gaya mini an zana sabon tsari a allo: dogo a waje bayan layi, sauran a guje. Koci ya ba shi wani suna na Faransanci, ya ce a Yamai ya koyo shi. Na ci gaba da gyarana. Ya sa masa sunan da ya ga dama, ni dai na san inda aka haife shi.

Kada wanda ya ɗauka abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, kuma yana yi. Rumfata ba ta da nisa da filin. Da an sauko daga sallar la'asar nake fara jin bugun ƙwallo bisa siminti, sai in ji ƙafafuna na motsi da kansu a ƙarƙashin moton da nake gyara. Akwai ranakun da nake tayar da inji in murɗa shi da ƙarfi ba don yana bukata ba, don kawai in daina ji. Shekaruna na wasa da suka rage, biyu ne ko uku, a nan rumfar suka ƙare. Da za a mai da ni yammacin nan, wurin da na jefa ƙwallon nan zan sake jefa ta.

Dogo ya ci gaba da wasa shekaru bayan haka, kuma hanyarsa daga ruga ta gaban rumfata take bi. Duk ranar atisaye sai ya tsaya, takalman wasa rataye a wuya. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, sannan ya yi tsaye yana murza hannu kamar mai neman izinin wucewa. Bai taɓa cewa na gode ba, ni ma ban taɓa so ya ce ba. Nakan bar shi ya ɗan tsaya, kaina a cikin inji, don kada ya ga fuskata.

Sai in ce, "Wuce mana, ka makara."